Waya Ta Uku

A Lahti rana kan faɗi tun ƙarfe uku,
ta bar mu da fitilu da tururin baki.
Ran Laraba muke haɗuwa a tsohuwar masana'antar katako,
inda aka shimfiɗa baƙin kafet mai kwana goma sha ɗaya.
Motocinmu ba su fi takalmin ƙato girma ba,
amma zo ka ga masu furfura suna cizon yatsa a kansu.

Ni, Sohvi, na zo da injin babana a cikin safa.
Shekara tara yana kwance a durowa
tare da tabaransa da makullin da ba mu san ƙofarsa ba.
Inji ne mai buroshi, ɗan gwangwani,
gawayi biyu na gugar tagulla a cikinsa,
yana cin kansa kaɗan-kaɗan domin ya juya.

Tuure ya leƙo ta kafaɗata, kofi a hannu,
ya ce, "Na'urar sarrafa gudun nan ta zamani ce.
Waya uku gare ta, naki kunne biyu.
Ita da marasa buroshi take hira,
sau dubu take tambayar inji inda yake kafin ki ƙifta.
Wannan tsoho kurma ne, me za ta gaya masa?
Ki haɗa su, ki sha hayaƙi."

Ban tanka ba. Na riga na karanta takardar,
can ƙasa, inda rubutu ya yi ƙanana kamar ƙwan sauro:
a danna maɓalli, a riƙe, a ƙirga ƙiftawar fitila.
Kore. Kore. Ja.
Ashe wanda ya ƙera ta ya bar wa tsofaffi 'yar ƙofa ta baya.

Na zare siririyar wayar tambaya, na ajiye.
Na narka dalma, shuɗiya a wannan kunne,
ruwan lemo a wancan.
Sai rawaya ta rage, tsirara, ba wurin zuwa.
Na naɗe bakinta da baƙin tef,
na kwantar da ita gefen batir,
kamar kujerar da har yau uwata ke gogewa
ba ta barin kowa ya zauna.

Da na taɓa kunamar rimot,
motar ta zabura da baya, ta daki ƙafar tebur.
Dariya ta cika zauren har rufi.
Na sauya wayoyin biyu, na ƙona ɗan yatsa,
na tsotse, na ɗora ta kan layi.

Mu takwas. Minti biyar.
Nasu ba sa magana, shuuu kawai, kamar yagar siliki.
Tawa tana gurnani, tana kaki,
tartsatsi shuɗi na leƙowa ta ramukan gwangwani.
A miƙaƙƙen layi suka wuce ni kamar ina tsaye.
A kwanoni kuwa, wayyo, taushin nan!
Ba fizga, ba gardama,
tana shiga lanƙwasa kamar cokali a man shanu,
yadda hannunsa ke yi, na tuna, na tuna.

Ta bakwai na zo.
Na takwas ɗin tayarsa ce ta fita.

Na ɗauko ta, injin ya yi zafin da ba ya taɓuwa.
Wata yarinya, Helmi, mai giɓi a baki,
ta matso tana shinshina iska,
ta ce, "Ƙaurin mene ne wannan?"

Na buɗe baki in ce gawayi ne da tagulla,
sai na ji garejinmu, da rigarsa ta ulu,
da rediyon da ke faɗin yanayin teku.

Na ce, "Matso ki shaƙa da kyau.
Buroshin ya kusa ƙarewa,
kuma ban san mai sayar da irinsa ba."