Bencin Baya

A firamaren Tudun Jukun, muna aji huɗu,
Malam Iro ya ɗaga littafina da yatsa biyu
kamar wanda ya tsinci mushen ɓera,
ya ce, "Tanimu, kai da lissafi sai a lahira."
Aji ya kwashe da dariya. Ni ma na yi,
don in ban yi ba, kuka ne zai zo.

Na naɗe maganar nan kamar laya,
na rataya, na koma bencin baya.
Shekara talatin da ɗaya ban cire ba,
ko wanka da ita nake yi.

Sau biyar na sayi fom.
Sau biyar na goge riga, na hau acaɓa zuwa Gyallesu,
na zauna cikin yaran da na yi jika da wasunsu a ido.
Hausa ta fito, Tarihi ya fito,
Turanci ma ya rarrafa ya haye,
lissafi kuwa tara, tara, tara,
kamar mai ƙirga kwanakin jinya.

Ban taɓa gaya wa kowa ba:
kafin a raba takarda na riga na faɗi.
Malam Iro ya daɗe a maƙabarta,
amma ranar jarrabawa shi ke riga ni zama,
ya riƙe mini gwiwar hannu, yana huci alli.

Wata Asabar, a rumfata ta hatsi a Sabon Gari,
Kulu na kan buhun gero tana aikin gida,
sai ga dillali daga Giwa da masara,
buhu goma sha bakwai,
kowanne dubu talatin da takwas da ɗari biyar.
Yaronsa na ta latsa waya,
ni kuwa ina ɗaure bakin buhu na ce,
"Dubu ɗari shida da hamsin da huɗu da ɗari biyar.
Cire na masu dako."

Kulu ta ajiye biro.
"Baba, ai wannan ne ake ba mu.
Su dai harafi suke sa wa a wurin buhu."

Na ce ta yi shiru, wannan ciniki ne.
Amma da dare na kasa barci.
Shekara ashirin ina auna tiya, ina raba riba,
ina bin bashin mutum arba'in a ka ba takarda,
ban taɓa ɓatar da sisin kowa ba,
kuma duk tsawon nan ina rantsuwa
ni daƙiƙi ne.

Kada a ce daga nan komai ya zo da sauƙi.
Wata takwas muna zama bayan Isha'i,
in an ɗauke wuta, fitilar waya,
ita malama, ni ɗalibi mai furfura uku a gemu.
Duk harafin da ya tsare ni da ido
sai in mai da shi buhu, in tambaye shi nauyinsa.
Sau biyu na jefar da littafin.
Sau biyu ta ɗauko, ba ta ce uffan ba.

Karo na shida, ya zo kamar kullum.
Hannuna na rawa, na ce a zuci,
"Malam, Allah ya ji ƙanka, matsa kaɗan,
ciniki zan yi."

Shida na samu. Ba ɗaya ba, ba biyu ba.
Shida, ƙyar da ƙyar, amma ƙofa ta buɗe.

Yanzu Asabar da Lahadi ina Kongo, ajin akanta.
Ranar farko ƙafata ta nufi bayan aji da kanta,
na tsaya, na juyo da ita.
Benci na biyu daga gaba na zauna.
Na farkon, tukuna.