Littafin Awo

A aljihun keken ɗinkina akwai wani littafi
da kyankyasai suka cinye wa gefe.
Rabinsa bashi ne,
wasu masu bashin ma sun riga mu gidan gaskiya.
Ɗaya rabin kuwa Haulatu ce.

Kafaɗa goma, tsawo ashirin da takwas:
sallar da ta yi wawulo ke nan,
ta ƙi tsayawa cik, tana ta dariya,
wai awon yana yi mata cakulkuli.
Kowace riga nakan bar inci biyu a naɗe daga ƙasa
don in ta ƙara tsawo in warware.
Shekara da shekaru ina warwarewa,
ban taɓa tambayar inda tsawon zai kai ta ba.

Yanzu ta kama ɗaki a Samaru.
Wai ya fi kusa da asibitin Shika,
wai mai aikin dare ba ya tsayawa jiran mota a Kwangila.
Na ce gaskiya ne.
Gaskiyar ce ta tsaya mini a wuya kamar ƙayar kifi.
Daga Tudun Wada zuwa can, nawa ne kuɗin motar?
Amma har yau uwarta kan kwashe tuwo malmala huɗu,
ta tsaya, ta dubi ta huɗun,
ta ce ai da ma na ɗumame ne.

Ran Asabar ta zo da fararen kayan aiki.
Ɗinkin na fara kallo kafin fuskar.
Ba hannuna ba ne,
wani yaro ne a Sabon Gari.
Na juya wuyan rigar, na bi zaren da farce
ina neman inda ya karkace.
Ban samu ba. Ja'irin ya iya.

Ta ce, "Baba, miƙo hannunka."
Ta naɗa mini ƙyalle a damtse, ya yi ta matse ni.
"Kada ka motsa."
Ni, Malam Ɗayyabu, aka ce kada in motsa!
"Ɗari da sittin. A rage gishiri,
goron nan ma ya isa haka."
Ta ciro nata ɗan littafin, ta rubuta ni a ciki.

Sau uku na ba Jazuli mai gyaran rediyo labarin,
har ya ce ya ji, in bar shi ya yi aiki.
Abin da ban gaya masa ba:
na miƙa mata kuɗin mota ta ƙi karɓa,
bayan ta tafi na ɗaga almakashi
na tarar da nata a ƙarƙashi, an ninke.

Da na dawo daga magariba na buɗe shafinta.
Na rubuta kwanan wata,
na daɗe riƙe da biro.
Sai aka ɗauke wuta.