Cokali da Kofi

Emrys ya bar mini tumaki ɗari biyu da arba'in,
da tudu mai hazo a arewacin Wales,
da bashin dusa,
da Mot.

Mot baƙi ne mai farin wuya, kunne ɗaya a karye.
Sati uku bayan jana'iza
bai karɓi ko loma daga hannuna ba.
Yana kwance kan takalman ruwa na maigidansa,
yana dubana kamar baƙuwar da ta ƙi tafiya.

Matsalar fito ce.
Da fito Emrys ke magana da shi:
gajeru biyu, zagaya dama;
dogo mai gangarowa, kwanta.
Ni kuwa haƙoran roba gare ni,
in na hura, iska ce da yawu.
Ina kan tudu ina fuu, fuu,
tumaki na ta kiwonsu,
Mot ya kau da kai, yana jin kunya a madadina.

Idwal maƙwabci ya ce, "Nesta, sayar min.
Irin wannan karen mutum ɗaya yake bi."
Na ce sai na yi shawara.
Da dare na kulle Mot a rumfa, na ja sakata.
Da asuba na iske shi a ƙofar ɗakina,
sakata a zare, ƙyaure a turo yadda na bar shi.
To, wa zai sayar da mai rufe ƙofa a bayansa?

Na ɗauko cokali da kofin ƙarfe.
Ƙwal, ƙwal: dama.
Ƙwal ɗaya: hagu.
In na kaɗa cokalin a ciki: kwanta.
Kwana huɗu ya haddace.
Ni na yi wata ina rikita dama da hagu.
In na buga kuskure sai ya tsaya,
ya dubi tumaki, ya dube ni,
ya yi abin da ya kamata a ce na faɗa,
ya dawo ya zauna, bai yi min gori ba.
In ya rasa aiki kuma, kaito!
Ya taɓa tara min agwagi a ɗakin girki,
kowace a kusurwarta.

A Janairu ƙanƙara ta shafe katangar dutse.
Na ƙirga sau biyu, na ce sun cika.
Mot ya ce a'a.
Ya kama gefen rigata har ta yage,
ya ja ni bayan tudu, ya yi ta tono,
sai ga hancin tunkiya yana tururi.
Daren nan ya ci cuku daga tafin hannuna,
a hankali, kamar mai sa hannu a takarda.

Saura butar shayi.
In ta tafasa tana fito,
dogo, mai gangarowa.
Mot kan faɗi kwance nan take, idonsa a ƙofa.
'Yata ta aiko min sabuwa daga Bangor, marar ƙara.
Tana nan cikin kwalinta.