Harafin da ke kan katina

A nan Yokote, kafin a tambayi sana'arka
sai an tambayi jininka.
Ni A ne, wai mai tsantseni, mai ninke safa,
mai komawa ya sake taɓa makulli.
Michiyo O ce, dariya tun daga bakin layi.
Shekara arba'in da ɗaya muna wannan tsiya.

Ran nan ta dawo daga gyaran gashi
da yagaggen shafin mujalla a jaka.
Tatsuo, karanta.
Wai masu A sun ɗan fi kusa da sankarar tumbi,
masu O sun ɗan ja baya.
Na ce ai ɗan nan bai taka kara ya karya ba.
Ta ce, ɗan hakin da ka raina.

Daga nan gishiri ya yi ƙaura daga kwanona.
Saiwar da muke ƙyafewa a rufin ɗaki
mu tsuma ta cikin dusa duk tsawon sanyi,
ita ke ci, ƙarau, ƙarau, ina kallo,
wai jininta ya ba ta izini.
Tabata ta tafi murhu.
Romona ya zama ruwan ɗumi mai launi.

Sai maganar bututu mai ido
da ake zurawa ta maƙogwaro.
Na ce sai dai a ɗaure ni.
Ta ce, matsoraci, bari in fara
ka ga ba ya cizo.

Nawa fes, kamar an wanke kwano.
Nata,
likita Kagaya ta juyo da allon a hankali,
ga tabo, bai kai ƙwayar wake ba.

Na ce, amma O ce. Na ciro katinta.
Likita ba ta karɓa ba.
Ta ce wancan lissafin dubban mutane ne,
ba ya kiran sunan kowa.
Akwai ƙwayar cutar da ake sha tun ƙuruciya,
akwai gishiri, akwai shekaru.
Abin da zai cece ta ba harafi ba ne,
zuwa da wuri ne.

Daren tiyata na naɗe hannun riga.
Ma'aikaciyar jinya ta girgiza kai:
nata zai iya shiga jikina,
nawa ba zai shiga nata ba.
Na zauna ina kallon jakar wani baƙo
tana ɗiga mata, ɗis, ɗis,
har ƙanƙara ta rufe motocin waje.

Yanzu sau shida take ci a rana,
kowanne bai cika tafin hannu ba.
Ni ke dafawa. Ina auna gishiri, ina rubutawa.
Jiya ta leƙo littafin ta kafaɗata,
ta ce, ka gani ko? A har kabari.
Ta miƙa hannu wajen saiwar nan.
Na janye farantin.