Koya wa Akwati Kuka

A bayan shagona, kan tudun Valparaíso,
inda matakala ke sa mutum haki kafin ya kai ƙofa,
akwai baƙin akwati a ƙarƙashin kanta,
faifai huɗu a cikinsa,
da bukukuwan mutane na shekara talatin da ɗaya.

Bara faifai ɗaya ya mutu.
Bai ce uffan ba.
Wata 'yar jar fitila ce ta kunna kanta
ta yi wata biyar tana kallon bango,
ni ina gaba ina cewa amare su ɗaga haɓa.
Da na biyu ya bi sahunsa
sai ga Doña Herminia da baƙin mayafi
tana neman mijinta, ranar da ya sayi kwalekwale.
Na buɗe, na rufe, na sake buɗewa.
Na ce ta dawo jibi.
Jibin ya zo, bakina babu komai.
Tsofaffin na tsinto su daga dodon hoto,
amma shekara biyu sun tafi, ko inuwa ba su bari ba.

Wanda maciji ya sara, tsumma ma tsoro yake ba shi.
Shi ya sa yau na ja ƙofa tun da sauran rana,
na ɗora tabarau, shayi na hucewa,
zan koya wa akwati kuka.

Allo ya ce: ta wace hanya saƙo zai fita?
Na rubuta sunan gidan wasiƙar,
da lambar ƙofarsa, ɗari biyar da tamanin da bakwai,
kamar mai yi wa baƙo kwatancen unguwa.
Ya nemi kalmar sirri, na ba shi tawa.
Ya ƙi.
Na sake, ya ƙi.
Ashe tasa daban yake so, mabuɗinsa na kansa,
kamar yaron shago da ya fara girma.

Sai jerin abin da zai yi kuka a kai:
in faifai ya fara ɗingishi,
in zafi ya yi yawa, in fanka ta tsaya,
in ciki ya kusa cika,
in wuta ta ɗauke.
Na so in zaɓi duka,
amma karen da ke haushin kowace inuwa
ranar ɓarawo babu mai tashi.

Wa za a gaya wa?
Na sa adireshina.
A layi na biyu na danna harafi ɗaya
sai na'ura ta cika sunan Baltazar da kanta,
ƙanena, wanda muka binne a hunturun da ya wuce.
Na daɗe ina kallon sunan.
Can ƙasa wani jirgin ruwa ya yi busa.
Na goge shi harafi-harafi,
na sa na Ximena, 'yata, da ke Santiago,
wadda ba ta ɗaukar waya amma tana karanta imel.

Na danna gwaji.
Shiru.
Na tsinto saƙon a kwandon tarkace
tsakanin masu tallan magani da masu alƙawarin gado,
na ciro shi, na ce: wannan ɗan gida ne.

Ƙarfe uku na dare ƙasa ta ɗan motsa,
yadda ta saba a nan, kofuna suka gaisa da juna.
Fitilun tudu suka mutu.
Wayata ta yi haske a kan matashi:
wuta ta ɗauke, ina kan batir, faifai huɗu lafiya.

Ban gama karantawa ba sai ga wani saƙon.
Ba akwatin ba ne.
Baba, na ga abin. Kai fa, lafiya?