Littafin Ungozoma Nevena

Shekara arba'in da ɗaya ina yankan cibiya
a Dolna Rakita, gindin duwatsun Bulgeriya.
Littafina mai bangon fata har yau yana nan,
takardunsa sun yi ja kamar ganyen inabi a kaka.

Shekarar da na fara, suna saba'in da uku na rubuta.
Matar Dimcho mai niƙa ta sauke na shida
a kan buhunan alkama, tana zagin mijinta,
shi kuwa yana waje yana karɓar barka
kamar shi ya sha naƙudar.

A zamanin nan hannu shi ne jari:
ɗa ɗaya ga tumaki, ɗaya ga gonar taba,
ɗaya kuma na ajiya, don ƙyanda ba ta sallama.
Wasu na yi musu wankan zuwa, na yi musu na komawa
cikin kwano ɗaya.
Sai allura ta zo, ruwan famfo ya biyo ta,
ƙananan kaburbura suka daina ƙaruwa.
Mata suka ƙirga da yatsu, suka ce biyu ma albarka ne.
Ban ga laifinsu ba.
Mai ɗauke da kaya shi ya san inda wuya ke ciwo.

Ranar da aka sa kwaɗo a kamfanin gwangwani
ba a yi kuka ba, akwatuna aka sauko da su.
Kowace Alhamis motar Sifen da ta Jamus
ta zo da yunwa, ta tafi da ƙoshi.
Ba tsofaffi take ci ba, tana da zaɓe:
masu ƙarfi a ƙugu, masu nono a ƙirji.

Kalina, wadda ta zo mini ta ƙafa, na juya ta da kyar,
yau haƙoran Jamusawa take gyarawa.
Ta ce da ni a waya: Kaka, hayar ɗaki
ta cinye rabin albashi, haihuwa sai an shirya.
Shekararta talatin da takwas.
Na ce to. Me zan ce?

Makarantarmu ta zama rumbun hatsi.
Shamuwa ce kaɗai ke raino a kan rufinta,
ita dai duk inda ta je, tana dawowa.
Mu kuwa ƙwayar hawan jini ta riƙe mu,
mun ƙi mutuwa, mun kasa haihuwa.
Fada Paraskev ya haddace addu'ar jana'iza,
ta baftisma sai ya laluba littafi.

Wani ma'aikaci ya zo daga Sofiya da takarda,
ya nuna mana kibiya mai kallon ƙasa.
Na ce yaro, kibiyar nan tana da sunaye,
zauna in karanta maka.
Ya duba agogo.

Sai bara, daren da ƙanƙara ta toshe hanya,
aka buga ƙofata kamar za a ɓalle ta.
Vasile ne, baƙo daga Moldoba mai kiwon shanun haya,
bakinsa ya ƙi yarenmu, hannunsa ke nuna ciki.
Motar asibiti ta maƙale a gada.
Yatsuna da ke zubar da shayi kowace safiya
a daren nan ba su yi rawa ba.
Mace ce. Ta yi kuka har karnuka suka amsa.

Na buɗe littafi, shekara goma sha ɗaya babu layi.
Biro ya bushe. Da fensirin kafinta na rubuta: Doina.

Na iya lissafi, ba sai an faɗa mini ba.
Ɗaya ta shigo, tara sun fita a shekarar,
ɗigo ba ya cika rijiyar da ke yoyo,
kuma wa ya sani ko Alhamis na jiran ta.

Amma ga tsummokin jariri a kan igiya,
kuma tsofaffin garin nan, masu ciwon gwiwa,
sau uku suke bin ta ƙofar gidan a yini
ba tare da an aike su ba.