Masu Gadin Gidana

Na san Valparaíso ta banɗakunanta.
Na shagon kofi a gindin tsauni, mai ƙofar da ba ta kulluwa,
na tashar jirgin ƙasa, inda sai an ba da tsaba,
da na gidan Eulalia mai sayar da kifi,
wadda ba ta taɓa tambayata dalili ba.
Baƙi na ƙirga matakalan garin nan don nishaɗi,
ni ina ƙirga su da haƙora a cije.

Shekara uku hanjina na ci da wuta.
Sau goma sha huɗu a yini, har da jini.
Tufafina suka koma kamar na aro.
Ƙwayar farko ta kumbura min fuska
kamar wata daren sha huɗu,
ta sace min barci, ta bar min wutar.

Likita ta juya takarda ta ce,
ba baƙo ne ya shigo miki ba, Ximena,
masu gadin gidanki ne.
Sun farka tsakar dare, sun rasa ɓarawo,
suka hau dukan bangon da aka ba su tsaro.
Na ce, ashe da ɗan gari akan ci gari. A kore su mana.
Ta ce, ba a korarsu. Lallashi ake yi su runtsa.

Aka ɗauki hoton ƙirjina, ko tarin fuka na laɓe.
Aka ɗebi jini kwalba biyar.
Na sa hannu ban gama karantawa ba.

Yanzu duk bayan mako takwas
ina hawa bene na uku in miƙa hannun hagu.
Heriberto yakan murza shi sai jijiya ta fito,
yana ba ni labarin kyanwarsa mai ido ɗaya.
Ruwan na sauka ɗis, ɗis,
ta taga ana sauke kaya daga jiragen ruwa.
A kujerar kusa, tsoho Anselmo na ɓare lemu,
ba ya iya sha, ƙamshin kawai yake so.
Awa biyu. Ba ma zancen ciwo.

Amma gidan da masu gadi suke barci
kowace iska tana da mabuɗinsa.
Na bar ɗanyen kifin Eulalia mai lemun tsami.
Ma'aunin zafin jiki na kwana kusa da matashina.
Kuma ni malama ce:
yara ashirin da takwas, 'yan shekara shida,
hanci na yoyo, tari ba a rufe baki.

Ranar wata Talata Ignacia ta shigo a guje,
hannuwa a buɗe, za ta rungume ni.
Na ga ƙuraje a wuyanta. Ƙarambau.
Na ja da baya taku ɗaya.
Taku ɗaya tak.
Ta tsaya, hannuwan nan a sama,
tana neman laifinta a fuskata.
Takardar da na sa wa hannu ba ta faɗi wannan ba,
ko kuwa yana shafin da ban karanta ba.

Na kira asibiti daga bayan aji, muryata na rawa.

Jiya Lahadi na hau matakala ɗari da wani abu
ban waiga neman ƙofar kowa ba.
A can sama na ci burodi mai ɗumi, na cinye,
na zauna, don zama kawai,
teku a ƙasa na ta aikinsa.

Wajen mako na bakwai nakan ji su suna juyi a shimfiɗa,
wani ya yi gyaran murya can ƙasan cibiya.
In dafa wurin in ce, ku yi haƙuri, 'yan gida,
saura kwana shida.

Ignacia ta dawo, tabo uku a goshi.
Ta ajiye zane a bakin teburina, ta koma nesa.
Ni ce a ciki, da hannuwa dogaye ƙwarai,
sun kai har kujerar ƙarshe.